Guguwa ta kayar mini da itatuwa a Jojiya: wane tallafi gwamnatin Amurka take bayarwa?

Tambaya: Ina zaune a jihar Jojiya ta Amurka, kuma ina da fili a karkara, rabinsa gona, rabinsa dajin itatuwan katako. Iska mai ƙarfi ta kayar da mafi yawan itatuwan, ta kuma lalata shingen gonar. Na ji ana cewa gwamnati tana biyan diyya. Gaskiya ne, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Abin da zan fara gyara maka shi ne kalmar diyya, domin a kanta ne mutane da yawa suka sha takaici bayan mahaukaciyar guguwar Helene, wadda ta sauka a Fulorida ranar 26 ga Satumba, 2024, ta ratsa Jojiya ta bar dazuzzuka kwance. Akwai shirye-shiryen gwamnati guda biyu da suka shafe ka, amma ba sa biyan kuɗin katakon da ka rasa. Abin da suke yi shi ne ɗaukar wani kaso na kuɗin gyara, wato karo-karo ne tsakaninka da gwamnati, kuma a bisa al'ada kai za ka fara kashewa sannan a mayar maka.

Duka biyun suna hannun FSA, hukumar kula da manoma ta Ma'aikatar Gona, wadda take da ofisoshi a gundumomi. Na ɓangaren gona shi ne ECP, shirin gaggawa na gyaran gonaki, wanda yake biyan har kashi 75 cikin 100 na kuɗin kwashe tarkace, daidaita ƙasar da ruwa ya zaizaye da sake kafa shinge, kuma kason yana iya kaiwa 90 ga sabon manomi ko mai ƙaramin ƙarfi. Na ɓangaren daji kuwa shi ne EFRP, shirin gaggawa na farfaɗo da dazuzzuka, wanda dokar noma ta 2008 ta kafa domin masu daji na ƙashin kansu, ban da manyan kamfanonin katako. Shi ma kashi 75 ne, iyakarsa dala 500,000 ga mutum ɗaya a kan bala'i ɗaya, kuma ya haɗa da janye kututtura, share fili, sayen dashe, ladan masu dasawa, gyaran hanyoyin cikin daji da layukan tare gobara. Sharaɗinsa shi ne a tabbatar akwai itatuwa tsaye a wurin dab da aukuwar bala'in.

Inda nake so ka natsu sosai shi ne batun lokacin fara aiki. Duk wanda ya tsaya a bakin dajinsa ya ga itatuwan da suka shekara ashirin sun karye a tsakiya, saiwoyi sun kalli sama, zuciyarsa za ta raya masa ya kira katafila gobe da safe. Kada ka yi haka kafin ka shigar da buƙata, jami'i ya zo ya duba ɓarnar, a kuma kammala binciken muhalli, domin aikin da aka fara ba da amincewarsu ba yana iya fita daga lissafi gaba ɗaya. Na san jira yana da tsada: itacen da ya faɗi a zafin kudancin Amurka ƙwari suna huda shi, cikinsa yana yin shuɗi, farashinsa yana karyewa cikin 'yan watanni, ga kuma barazanar gobara. Saboda haka ka je ofis a wannan makon, ka tambaye su a rubuce abin da aka yarda ka taɓa nan take, sannan ka nemi malamin daji daga hukumar gandun daji ta jihar ya ƙiyasta maka abin da zai iya sayuwa.

Kafin nan ka ɗauki hotuna masu kwanan wata ta kowace kusurwa, ka kuma adana kowane rasit, har na man injin zarto. Idan filinka ba shi da lambar rajista a FSA, ka tafi da takardar mallaka da shaidar kanka a buɗe maka. A nan ne masu filin gado da ba a raba ba suka daɗe suna cutuwa saboda rashin takardar mallaka da sunansu, musamman iyalan baƙaƙen fata na kudu, har sai da dokar noma ta 2018 ta ba da damar karɓar wasu takardu a madadin.

Amfanin gona da ya lalace hanyarsa daban ce: idan kana da inshora, ka sanar da wakilinka cikin sa'o'i 72 da ganin ɓarnar. Game da darajar katakon kansa, wani lokaci majalisar dokokin Amurka tana ware kuɗi na musamman, kamar yadda ta yi a Disamba 2024, inda aka ba jihohi damar biyan asarar katako ta hanyar nasu tsarin. Ka tambayi ma'aikatar gona ta jiha ko akwai irin wannan ƙofa a buɗe ga bala'in da ya same ka, ka kuma rubuta ranar rufe rajistar kowane shiri, domin kowanne da nasa wa'adin.