Filin Makaniki: In sa wa tsohuwar 404 ta babanmu birkin diski?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Makaniki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 404 ƙirar 1965, mai ƙofa huɗu, injin fetur. Ta daɗe a ajiye ƙarƙashin rumfa a gidanmu na Bagalam, sai bara na tada ta. Inji lafiya lau, birki ne damuwata. Ƙafafunta huɗu duk tambur ne. In na taka sai ta ja hagu, in kuwa na ratsa ruwa da damina sai na taka sau biyu ko uku kafin ta ji. Kwanan nan saura ƙiris in hau wani ɗan kabu-kabu kusa da babbar kasuwa. Wani mai gyara ya ce in sayo diski da etiriye na 504, shi zai yanka ƙarfe ya yi walda ya ɗaura mata a gaba. In yarda?

Mai karatunku daga Bagalam, Maradi

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, kai kuma ya yi maka albarka da ka ƙi bari motar nan ta ruɓe. A kan 404 na koyi riƙe sufana, kuma har yau in na ji ƙarar injinta daga nesa sai na ɗaga kai.

Maganar walda kam, kada ka yarda. Ƙarfen da ke riƙe etiriye, wato abin da ke matse diski, shi ke ɗaukar ƙarfin tsayar da motar a lokacin da ka danne birki da ƙarfi, kuma walda irin ta bakin hanya tana iya zama daram shekara guda sannan ta tsage ranar da ka fi bukatarta. Ga kuma abin da mai gyaran bai faɗa maka ba: ƙafar 404 irin taka bulon ɗaure taya uku gare ta, ta 504 huɗu, ta 404 bashe, wato a-kori-kura, da mai ɗaukar iyali biyar. In ka sa kayan 504 a gaba, ka raba motar gida biyu ke nan, janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, mai huɗu a gaba, mai uku a baya, tayar safaya guda kuma ba za ta shiga duka ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

Sauya tambur zuwa diski abu ne mai yiwuwa, kuma a kan 404 ya fi sauƙi bisa motoci da yawa, domin kamfanin da kansa ya yi wannan sauyin. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960 da tambur a ko'ina, wajen ƙarshen shekarun 1960 aka koma sa mata diski a gaba, aka ci gaba da ƙera ta can har 1975. To abin da za ka nema shi ne 404 mai ƙofa huɗu ta ƙarshe-ƙarshen nan wadda ta mutu, ka ciro ƙafafunta na gaba sukutum: ƙafar da sandar da ƙafa ke juyawa a kai, da muwaye, wato cibiyar da ake ɗaure janti a kai, da diski, da etiriye, har da jantocinta in sun samu, don ba kowace tsohuwar janti ke barin wuri ga etiriye ba. Kayan da injiniyoyin kamfani suka auna wa motar ke nan, bulo ka kwance, bulo ka ɗaure. Fara da zagaya wuraren masu ɓarar motoci a nan gari, in babu sai Katsina ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Can sunayen sun bambanta da namu: tambur durom suke ce masa, etiriye kuma kalifa, filaket fad, rulma boris. Ka tafi da tsohon kayanka a buhu ka gwada da idonka, ban da cinikin biri a sama ta waya.

Yanzu ga inda mutane ke faɗawa rami, nan kuma nake so ka natsu. Birki jiki guda ne daga feda har taya, in ka taɓa gaba sai sauran sun motsa.

Tambur yana taimakon kansa. Idan takalmin birki ya taɓa cikin tambur yana juyawa, juyin ne ke ƙara cusa shi ciki, shi ya sa mota mai tambur ke tsayawa ko babu abin ƙara ƙarfi. Diski ba shi da wannan. Filaket biyu ne kawai ke matse faifai ta gefe da gefe, iyakar ƙarfin da ka aika shi ne ke aiki. Saboda haka in ka sa diski ba ka sa sarbo ba, wato tulun nan da ke zuƙar iska daga bututun shigar inji ya ninka ƙarfin ƙafarka, za ka ga feda ta yi tauri kamar dutse, motar kuma ta fi da wuyar tsayawa. Da yake injinka na fetur ne, zuƙar iskar tana nan a bututun da ke ƙarƙashin karbireta, tiyo mai kyau kawai za a ja.

Sai metir silinda, uwar famfon birki. Wadda aka yi don tambur yawanci tana da wani ɗan bawul a bakinta da ke riƙe ɗan matsi a cikin bututu ko ka saki feda, don robobin tambur su zauna a buɗe kada iska ta shiga. Tambur na da sifirin masu ƙarfi da ke janye takalmi, bai damu da wannan matsin ba. Etiriye kuwa ba ya da sifirin, robar da ke zagaye da fistin ce kawai ke ɗan ja da shi baya kamar kaurin takarda, sai wannan ɗan matsin ya bar filaket manne da diski. Wata shekara da bazara aka jawo mini wata mota daga hanyar Dan Isa, an yi mata irin wannan sauyin a wani gareji an bar mata tsohuwar uwar famfo. Mai ita ya ce tun daga fitowarsa gari yake jin kamar ana riƙe motar ta baya, yana ƙara wuta tana ƙara nauyi. Da na tsuguna gaban ƙafar dama, zafi ya bugi fuskata kamar na leƙa murhu. Na ɗiga ruwan buta kan janti, ya yi cuu ya ƙafe nan take. Diskin ya koma shuɗi-shuɗi, girisin rulma ya narke yana bin bayan janti, filaket sabbi fil sun ƙone suna wari. Matarsa da ƴaƴansa uku na zaune a kujerar baya. Ɗan bawul ɗin da ya jawo wannan duka bai kai girman ƙwayar gujiya ba.

Tunda dole ka canja uwar famfon, ka sa mai layi biyu, gaba daban baya daban. Ta motarka layi guda ce: tiyo ɗaya ya fashe, ƙafafu huɗu sun tafi gaba ɗaya, sai birkin hannu da addu'a. A wajena wannan gyaran ya fi diskin kansa muhimmanci. Ka kuma sa bawul mai rage matsin da ke zuwa baya, domin in ka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, ƙafafun gaba su ke yin mafi yawan aikin, in na baya suka riga su kullewa sai gindin motar ya juyo, musamman kan kwalta mai yashi irin tamu.

Ƙananan abubuwa biyu. Etiriye akwai na dama akwai na hagu, kuma ɗan bulon fitar da iska dole ya kasance a sama. In aka juya su, ko kwana za a yi ana famfo iska ba za ta fita ba. Man birki kuma, lokid ɗin da muke cewa, ka sa DOT 4 daga gwangwani a rufe. Yana jure zafi har digiri 230 kafin ya tafasa, DOT 3 kuwa 205, amma dukansu suna shan danshin iska, shi ya sa ake zubar da shi duk shekara biyu. Koren man nan na tsofaffin Citroën kada ya kusanci motarka, kumbura robobi yake yi.

Amma ɗana, da motar a gabana take, da ba diski zan fara nema ba. Jan da take yi hagu ba halin tambur ba ne, alama ce ta ciwo. Motar da ta yi shekaru a ajiye, ko dai fistin na ƙafar dama ya ci tsatsa ya maƙale, ko mai ya zubo ya jiƙa takalmi, ko tiyon roba ya toshe daga ciki. Wannan kuwa ko diskin zinariya ka sa a gaba, in ka bar ruɓaɓɓun tiyo da tsofaffin robobi a baya, ba ka tsira ba. Buɗe tambur huɗun, ka kakkaɓe yashin da ya taru ciki, ka canja robobi da tiyo duka, ka sa sabbin takalma, a daidaita su dama da hagu. Tambur mai lafiya yana iya kulle tayar 404 har ta ja layi a ƙasa. Inda diski ya fi shi da gaske wuri biyu ne: yana saurin huce zafi in ana ta taka birki a jere, kuma yana watsar da ruwa da juyi ɗaya ko biyu, alhali tambur riƙe ruwa yake yi a cikinsa. In zirga-zirgarka ta tsaya cikin gari da zuwa Tibiri ko Madarunfa ranar hutu, gyararren tambur ya ishe ka, sai dai in ka fito daga ruwa ka ɗan ɗora ƙafa kan feda kana tafiya a hankali har takalman su bushe. In kuwa kana nufin ka riƙa kai ta Damagaram ko Yamai da kaya da iyali, to a yi sauyin, a yi shi cikakke yadda na lissafa.

Kowanne ka zaɓa, kada ka shiga kasuwa da ita ranar da aka gama. Fita bayan gari da sassafe wurin da babu jama'a, ka taka birki a hankali sau da yawa don filaket su zauna, sannan ka gwada tsayawar gaggawa ka ga ko tana tafiya sak. In ka tsaya, kai bayan hannunka kusa da kowace janti ka ji ko wata ta fi ƴar uwarta zafi. Tsofaffin tambur ɗin da ƙafafunsu kuma kada ka sayar wa ƴan gwangwan, shafa musu baƙin mai ka ajiye a ɗaki, da su motar ta fito daga kamfani.