Hukuncin Watsa Tokar Mamaci a Kogin Binuwai

Tambaya: Allah gafarta Malam, yayana ya rasu a Faransa. Kafin labari ya iske mu a Garwa ta ƙasar Kamaru, matarsa, wadda Baturiya ce, ta sa an ƙone gawar. Yanzu za ta kawo tokar, ta ce ya bar wasiyya a watsa ta a Binuwai, inda ya yi iyo yana yaro. Mu cika wasiyyar? Za a yi masa salla?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Allah ya jiƙan yayanka, ya ba ku haƙuri. Wallahi tambayarka ta sosa mini rai.

Kada ku watsa tokar, ku binne ta. Ƙona gawa haramun ne, domin Manzon Allah (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha. Abin da aka hana a karya, ina ga a ƙone? To, wannan ya wuce, kuma ba ku da laifi a ciki. Abin da ya rage muku shi ne haƙƙin kabari, wanda Allah ya lissafa cikin ni'imominsa ga ɗan Adam a aya ta 21 ta Suratu Abasa. Wasiyyar da ta saɓa wa shari'a kuwa ba a zartar da ita, ko da ta tabbata.

Wani zai kawo mas'alar wanda ya rasu a jirgin ruwa. Malamanmu na Malikiyya sun halatta a sa shi a teku ne idan gawar za ta lalace kafin a kai gaci. Ina wannan lalurar a Garwa, ga maƙabarta? Binuwai kuma ruwan jama'a ne, mata na wanki, masunta na jefa taru, shanu na sha, da rani ya janye ya bar rairayi a fili.

Ku naɗe tokar duka a farin ƙyalle mai tsarki, ku haƙa mata rami a maƙabartar Musulmi, da sanin masu kula da ita da ofishin magajin gari. Matar ta riƙo takardun mutuwa da izinin fitar da tokar daga Faransa, don kada a tsare ta a filin jirgi. Babu wanka. Salla kuwa, a mazhabarmu ana yin ta ne idan an samu mafi yawan jiki. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta sallar ga'ibi, wato sallar jana'iza ba tare da gawar tana wurin ba, hujjarsu sallar da Annabi ya yi wa Najjashi, sarkin Habasha. Tunda babu wanda ya sallaci yayanka, ni a nan na karkata ga a yi masa.

Na san abin da ke cin zuciyarka. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya umarci 'ya'yansa su ƙone shi, su sheƙe rabin tokar a tudu, rabi a teku. Allah ya tattaro shi, ya tambaye shi dalili, ya ce: "Tsoronka, ya Ubangiji." Sai ya gafarta masa. Saboda haka ku yi ta yi wa yayanka addu'a da sadaka, ku biya bashinsa idan akwai.

Matar kuma ku tarbe ta da mutunci, takaba take ciki ko da ba ta san kalmar takaba ba. Ku kai ta bakin kogin ta ga inda mijinta ya tashi, sannan ku yi mata bayani a hankali, ba da faɗa ba.

Wallahu a'alamu.