Tarar Jinkiri da Kafin Alƙalami: Me Ya Halatta a Riƙe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ba wani ɗan kwangila aikin gini, muka rubuta cewa duk makon da ya ƙara a kan wa'adi za a zaftare masa wani abu daga kuɗinsa. Ya kuwa makara. Ya halatta in zaftare? Sannan wani ya ba ni kafin alƙalami a kan gida, daga baya ya fasa. Dole in mayar masa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Sharaɗin da kuka rubuta ya inganta. Bukhari ya kawo daga Ibn Sirin cewa wani ya ce wa mai hayar raƙuma ya shirya, in bai fita tare da shi rana kaza ba, to zai ba shi dirhami 100. Bai fita ba. Alƙali Shuraih ya hukunta cewa wanda ya ɗora wa kansa sharaɗi da son ransa, ba a tilasta shi ba, to ya hau kansa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma ta halatta irinsa a zamanta na Riyad a 2000.

Sai dai tarar diyyar asara ce, ba hanyar cin riba ba. Idan jinkirin ya zo daga abin da ya fi ƙarfinsa, ko kai ne ka riƙe masa kuɗin kaya, ko ba ka yi asarar komai ba, babu abin da za ka cire. Ɓacin rai ba a yi masa farashi. In adadin ya zarce asarar da nisa, alƙali na da ikon rage shi. Kuma a kiyaye: wannan a kan aiki ne. Wanda ake bi bashi ya makara aka ƙara masa kuɗi, riba ce ta haram, wato kuɗin ruwa, tsagwaronta, ko da an sa mata suna tara.

Kafin alƙalami kuwa akwai saɓani. Malik, Shafi'i da Abu Hanifa sun hana riƙe shi. Ahmad ya halatta, saboda Nafi'u ɗan Abdul Haris ya saya wa Umar gida daga Safwan ɗan Umayya bisa cewa in Umar bai yarda ba, Safwan na da dirhami 400. Majalisar ta bi Ahmad a 1993, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira.

Abin da nake gani: in kun yi sharaɗi tun farko cewa in ya fasa kafin alƙalamin naka ne, da wa'adi sananne, ka riƙe. In ba ku yi ba, kuɗinsa ne, ka mayar masa.

Wallahu a'alam.