Mazari bai taɓa hana mace karatu ba

'Yata, saƙonki ya iso ni nan Agege. Kin ce ku ɗaliban Hausawa na jami'ar Akoka kuna shirya ranar al'adu, sai wata ƙawarki ta ce kada a sako kaɗi da saƙa, wai sana'o'in kulle ne da aka ɗaure mata da su don a hana su boko. Kina son jin ko haka ne.

An yi kulle, an kuma hana 'ya'ya mata da yawa makaranta, wannan ba mai musu. Amma laifin ba na mazari ba ne. Kakarki, Allah ya jiƙanta, in an kawo auduga ita ke gurje ta a magurji ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da baka, sannan ta jawo taskira, ta shafa alli a yatsu, ta hau murza mazari har la'asar. Abawa mai kauri daban, siririn zaren riga daban. Yaro ya kai kasuwa, kuɗin ya dawo hannunta, kakanki ko kwabo ba ya taɓawa. Da shi take zubin adashi, ta sayi akuya, ta tara wa 'ya'yanta kwanukan ɗaki. Macen da ke kaɗi ba ta jiran miji ya ba ta kuɗin sabulu.

Kuma ki duba girman abin. Baturen Jamus ɗin nan Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Ana alfahari da marinar Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarta da 1498, ana alfahari da turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa. Maza ke rini da baba da toka a karofi, maza ke bugu, su ke saƙar ƙyalle siriri, mata kuma na saƙa gwado mai faɗi a cikin gida. To amma zaren duka daga hannun wa ya fito? Ba a dai cika ambaton sunanta ba ne.

Batun ilimi kuwa, ki tuna wa ƙawar taki Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ita ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana naɗa wa jajis, wato malamai mata masu jagorancinta, malfa, su shiga ƙauyuka suna karantar da mata ta hanyar waƙoƙi. Matan da suka ɗauki karatun nan su ne dai masu kaɗin.

Zaren inji ne ya fara kashe kasuwar, musamman bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Daga baya masaƙun su ma suka durƙushe, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari da Balogun. Matan Zariya ba su zauna ba, suka koma ɗinkin hannu na manyan riguna da huluna, aikin da a da na maza ne.

Abin da ke ba ni haushi, mu da kanmu muka yi wa kayanmu riƙon sakainar kashi. Ki je bikin Yarabawa a nan Legas, za ki ga ashoke, saƙar hannunsu ta gargajiya, a kan uwar amarya, ana taƙama da shi. Ki leƙa gidan baje kolin Nike Okundaye a Lekki, matar da ta daɗe tana koya wa mata adire, wato rinin zane na Yarabawa, ko kasuwar adire ta Itoku a Abeokuta. Mu kuwa akwatin lefe sai leshi da shadda, ko zanen saƙi ɗaya babu.

Don haka ku sa kaɗi da saƙa a taronku, amma ba na yafa gwado a ɗauki hoto a watse ba. Ku sayo kayan daga hannun masu yi, kada ku tsaya yi musu tayin wulaƙanci. In an samu riba, a biya wa 'ya'yansu mata kuɗin WAEC ko JAMB. Ke kuma da za ki rubuta kundin kammala digiri, ga abin rubutawa: ki ɗauki muryar tsofaffin nan a waya, sunayen zane-zane, yadda ake sayarwa, abin da suka yi da kuɗin, da izininsu.

Akwai wata dattijuwa Bazazzagiya a layinmu da har yanzu take ɗinkin hula, ta kuma yi kaɗi tun tana budurwa. Ki zo ranar Asabar bayan azahar in kai ki. Ki riƙo mata goro, kuma ki sa mayafi babba.

Gwaggonki.