Kan binciken asali da ka tambaye ni

Ɗana, saƙonka ya same ni a ƙofar shago a Agege, sai da na sa aka maimaita mini shi. Wai don me Baffanku ya dakatar da maganar auren ƙanwarka saboda an ce kakan yaron mashayi ne, alhali shi yaron ko sigari ba ya sha? Har kana cewa ko giya gona ce da za a gada. Na yi dariya, amma a daren ban yi barcin kirki ba.

Shekarar da aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, 1975, ina dako a Apapa. Jiragen siminti sun yi cirko-cirko a teku, kuɗi ya zubo gari har mu 'yan dako muka lasa. Mu uku ne a ɗaki ɗaya a Idi-Araba: ni, da ɗan wan babana, da wani ɗan liman daga Zariya. Wata Asabar muka je Obalende cin tsire. Wani direban tirela da muke yi wa lodi ya ja mu bayan wata rumfa, ya sa aka jera kwalabe. Allah ya yafe mana. Ni kurɓa biyu na yi cikina ya juya, na fita na amayar a kwata. Ɗan liman kwalba ɗaya ta kayar da shi, yana kuka yana kiran innarsa. Ɗan'uwana kuwa ya shanye huɗu, ya miƙe tsaf, shi ya goya ɗan liman har inda muka hau mota. Direbobin nan sai tafa masa suke, wai namijin duniya. Har yau ina ganin fuskarsa a hasken aci-balbal, yana murmushi kamar an naɗa shi sarauta.

Bayan shekaru ni na kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, hannunsa na rawa, ba ya iya riƙe kofin shayi. Farkon abin da likita ya tambaya shi ne wa ke sha a gidansu. Na sunkuyar da kai. Mahaifinsa burkutu ya cinye shi, duk ƙauye an sani, ba mai faɗa. A nan na fara jin cewa wanda giya ba ta saurin kayarwa shi ya fi zama cikin haɗari, kuma wannan ƙarfin kan ana gadonsa. Kusan rabin abin a jini yake, sauran kuma gida ne da abokai da gari.

Kakarmu takan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma ita ɗin dai, in aka yi zancen wani ɗan kirki daga mugun gida, sai ta ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ni da ɗan'uwana kakanmu ɗaya. Ɗan liman kuma, wanda kaf danginsu ba mai sha, ya bi direbobin nan ya zama yaron mota, kwalba ba ta sake shi ba. Babana da ya ji, cewa ya yi zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abin da ke ɓata mini rai, mu sai mun ɓuya bayan rumfa. Yanzu a leda ake sayar da giya a kowace tasha, yaranmu da suka zo neman kuɗi suna tsotsa da sassafe wai maganin sanyi, ba babban da zai tsawatar. Ku kuma bincikenku duk a waya ne.

Kada ka yi wa Baffanku musu a gaban mutane. Ka gano mini wa ya riƙe yaron nan, da su wa yake zama bayan isha'i. Ran Juma'a ka biyo ta shago bayan masallaci, mu je mu ga Baffan tare.