Tambaya da Amsa: Me zan koya wa waɗanda za su horar da masu buƙata ta musamman a gidan burodinmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ce mai kula da ma'aikata a wani gidan burodi a Kano. Wata ƙungiya ta kawo mana matasa uku masu buƙata ta musamman su koyi aiki na wata uku, mai gida kuma ya ce zai ɗauki duk wanda ya iya. Ɗaya kurma ne, ɗaya shan-inna ta taɓa ƙafafunsa yana kan keke, ta ukun budurwa ce mai jinkirin fahimta. An ce in zaɓi tsofaffin ma'aikata uku in shirya su kafin Litinin, su ne za su koya musu. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Ina tsoron injin kwaɓa fulawa, ina tsoron tanderu, ina tsoron wani ya ji rauni a ɗora mini laifi. Na yi tunanin in zaɓi waɗanda suka fi tausayi, in ce su riƙa sassauta musu. Me zan koya musu a kwana biyu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Tsoronki a kan inji yana kan hanya, kuma maganinsa ba wuya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarshen saƙonki.

Mu fara sallamar maganar inji. Injin kwaɓa fulawa ba ya tambayar hannun wa ya kama, don haka ƙa'idar da ta hau kan kowane sabon ma'aikaci ita ce ta hau kansu: ba wanda zai taɓa shi sai an koya masa kunnawa da kashewa, an kuma ga ya yi a gaban ido. Abin da za ki ƙara kaɗan ne. Kurma ba zai ji ihun gobara ba, sai ku tsayar da alama guda da kowa ya sani, kamar kashe fitila da kunnawa sau uku, a kuma ɗora wa mutum ɗaya a kowane zubin aiki alhakin taɓa kafaɗarsa. Mai keke kuwa, ki bi hanyarsa da kanki tun daga bakin ƙofa har teburin aiki, har banɗaki, har wurin alwala. Idan za a zuba gangara a bakin matakala, kowane tsayin inci 1 yana son tsawon inci 12. Gangarar da birkila ya zuba da ƙiyasin ido ta sha kifar da mutane.

Yanzu ga inda nake son ki tsaya. Kada ki zaɓi masu horarwa don sun fi tausayi. Zaɓi waɗanda suka iya aikin, masu haƙuri, marasa yawan surutu. Babu abin da na ga yana raba masu buƙata ta musamman da aiki kamar ɗaukar zamansu a wurin a matsayin sadaka, kuma kullum da fuskar alheri yake zuwa. Mai horarwa ya ga yarinya tana fama da ɗaure bakin leda, sai ya ce "kawo in taya ki, baiwar Allah", ya ɗaure. Gobe ma haka. Ta jera burodi a karkace, ya bari ta juya baya ya gyara. Mai gida ya yi mata tambaya, shi ya amsa. Ta makara, ya ce ai lalura ce. A zuciyarsa lada yake nema, kuma ba na shakkar niyyarsa. To amma ranar da wata uku ya cika, mai gida zai tsaya a kanta ya ga ba ta iya ɗaure leda goma ita kaɗai ba, ya ce "mun gwada, ba sa iyawa". Ita ta koma gida da tabon cewa ta gaza, alhali ba a taɓa koya mata ba. Ƙofar kuma ta rufe ga duk wanda zai zo bayanta.

Wannan sassauci shi ne ma hatsarin da kike gudu. Wanda ake yi wa aiki ba ya sanin inda haɗari yake, domin kullum akwai hannun da ke janye shi. Ranar da mai hannun ya tafi suna ko jana'iza, ranar ake jin rauni.

Kuma ba baƙon ilimi nake kawo miki ba. Dubi yadda tela na kirki yake yi da yaron shago: ba ya karɓe ɗinkin, sai ya ce farke ka sake. Me ya sa idan aka zo kan kurma ko gurgu sai mu ga kamar faɗin "sake" zalunci ne? Raini ne ya sa rigar tausayi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya Abdullahi ɗan Ummu Maktum ladanci alhali makaho ne, ya kuma sha barin masa riƙon Madina idan zai fita. Amana ya damƙa masa, irin wadda ake tambayar mutum a kanta. Mu kuwa mun mayar da 'yan'uwanmu abin ɗaukar hoto. A tara mutane a otal kwana uku, a raba kuɗin mota da takardar shaida, a miƙa keken ɗinki a gaban kyamara, kowa ya watse, ba wanda zai koma bayan wata shida ya ga ko keken yana juyawa. Idan ƙungiyar da ta kawo muku su ba ta da wanda zai riƙa leƙowa kowane mako, ki faɗa musu a fili cewa aikinsu bai cika ba.

To me za ki koyar a kwana biyun? Ranar farko, kowane mai horarwa ya yi aikin da zai koyar a gabanki a hankali, ke kina rubuta matakansa ɗaya bayan ɗaya. Sa burodi a leda kaɗai zai iya kai mataki bakwai ko takwas: ɗauko leda, buɗe bakinta, zura burodi ta wane gefe, fitar da iska, murɗe baki, ɗaurewa, jerawa. Tsohon hannu ya manta cewa matakai ne, shi ya sa yake koyarwa da "ai haka ake yi". A farkon shekarun 1970 wani masani a Amurka, Marc Gold, ya koya wa mutane masu tsananin jinkirin fahimta haɗa birkin keke mai sassa 15 ta wannan hanya ta rarraba aiki. Matsayarsa ita ce idan ɗalibi bai koya ba, a fara tuhumar salon koyarwar kafin a tuhumi ɗalibin.

Rana ta biyu su koyi janye hannu, wanda shi ne mafi wuya. Mai horarwa ya tsaya a gefe ko ɗan baya. Idan mai koyo ya tsaya cak, a ba shi daƙiƙa biyar ya tuna da kansa. Bai tuna ba, a nuna da yatsa. Bai wadatar ba, a faɗi kalma ɗaya ko biyu. Sai idan duk wannan ya ƙi za a yi matakin a gabansa, kama hannu kuwa shi ne na ƙarshe, kuma da izininsa. A kowace rana a sa alama a takarda: wane mataki ya yi shi kaɗai, wanne aka taimaka. Ki sa su gwada a kan junansu, za ki ga yadda hannu yake ƙaiƙayin karɓe aiki. Duk mako mai horarwa ya ƙara matsawa nesa, har ya kai ga sauran abokan aiki ne ake tambaya, kamar yadda kowa yake yi.

Game da kurman, ki fara sanin da wane harshe yake magana. Wanda ya yi makarantar kurame irin ta Tudun Maliki a Kano yana amfani da maganar hannu ta makaranta, wadda tushenta na Amurka ne, wanda kuwa ya tashi cikin kuramen gari yana da maganar hannu ta Hausa, kuma ba ɗaya ba ne. Ɗaga murya ba ya ƙara komai. A fuskance shi, a cire takunkumin fuska a yi magana, idan yana karatu a rubuta masa a waya. A roƙe shi ya koya wa ma'aikata alamu ashirin na aikin, shi ne malaminsu a wannan fanni. Budurwar kuma ba yarinya ba ce. A kira ta da sunanta, mace ce za ta horar da ita, kuma ki sa ido sosai a kan masu wasan banza. Bayanin lafiyar kowannensu sirrinsa ne, ba abin hirar wurin cin abinci ba.

Idan mai gida ya fara maganar rabin albashi, ki tuna masa cewa dokar tarayya ta 2018 da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Kuɗin kowa kuma ya shiga hannunsa ko asusunsa, ban da na kawu ko yaya.

Kafin Litinin ki zauna da mai gida ya faɗa miki abin da yake nufi da "wanda ya iya": leda nawa a awa, da wane irin kyau, daidai da abin da yake nema wurin kowane sabon ma'aikaci. A rubuta, ya sa hannu, a karanta wa matasan uku ta hanyar da kowannensu zai gane, a ba masu horarwa kofi. Da wannan takarda za ki auna su duk ranar Alhamis.