Motar da Aka Kafe: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Zan tafi karatu waje na wata takwas, zan bar motata a gida a Samaru. Ƙanena ya ce zai riƙa tayar da ita kowace safiya na minti biyar. Hakan ya wadatar?

Amsa: Malam, gara kada a taɓa ta da a yi mata wannan tayarwar. Wutar da sitata ke zuƙa daga batir a tashi guda, minti biyar a tsaye ba ya mayar da ita, don haka kullum batirin raguwa yake. Injin kuma bai yi zafin da zai ƙone raɓar da ke taruwa cikin baƙin mai da salansa ba, sai tsatsa ta fara cin salansar daga ciki.

Idan ƙanen naka ya iya tuƙi, ya fita da ita duk mako biyu, ya kama hanyar Shika ya dawo, tafiyar minti 30 aƙalla, da esi a kunne na minti goma don robobin bututunsa kada su bushe gas ya zurare. Idan babu wanda za ka amince wa, ka kafe ta sosai. Ka canza baƙin mai da filta kafin ka tafi, domin tsohon mai yana ɗauke da datti da sinadarin da ke cin ƙarfe. Ka cika tanki, saboda tankin da ya rage rabi yana tara raɓa. Sai ka sa sifana mai lamba 10 ka kwance kan batir na nagatif, wato mai alamar ragi, ka kawar da wayar gefe inda ba za ta taɓa shi ba. Agogo da rediyo za su manta saitinsu, wannan ƙaramin abu ne.

Wata takwas ya yi wa fetur yawa, yakan fara lalacewa bayan wata uku zuwa shida. Ranar da ka dawo, buɗe murfin tankin ka sansana. In ka ji yana wari irin na tsohon fenti, a tsiyaye shi kafin a kunna, kada ya toshe nozul, wato bakin da ke fesa fetur cikin injin.

Tambaya: Motar marigayi maigidana ta yi wata biyar a tsakar gida a Tudun Wada, batirin ya mutu. In sayi sabo ko a yi caji?

Amsa: Allah Ya jiƙansa, Hajiya. Kada ki saya tukuna. A kai shi wurin mai cajin batir, a yi masa caji a hankali na kwana guda, a bar shi ya kwana, sannan a gwada da mita. Lafiyayye zai nuna volt 12.6 ko kusa da haka. Idan ya zame ƙasa da 12 da kansa, ko gefensa ya kumbura, ya gama aiki. In za ki sayi sabo, a duba lambar ƙarfin da ke jikin tsohon a sayi daidai da ita, kuma a duba ranar da aka ƙera shi, don batir yana tsufa ko a kan kanta yake. In ba hawa motar za a fara yi ba, kada a saya sai an tashi amfani da ita.

Tambaya: Da damina na ajiye motata a Sabon Gari da hambirki a ja. Yanzu tayoyin baya sun ƙi juyawa.

Amsa: Tsatsa ce ta manne takalmin birki da diram, wato kwanon ƙarfen da ke bayan taya wanda birkin ke kamawa. Kada ka matsa mata da totur. Bakanike ya ɗaga ta da jak, ya cire taya, ya ɗan bubbuga diram ɗin da guduma, yawanci za ka ji ya saki da ƙara. Nan gaba ka sauke hambirkin, ka bar ta a giya ɗaya, ko a P in otomatik ce, ka tokare tayoyin da bulo gaba da baya. Ka ƙara musu iska kamar psi 5, wato ma'aunin iskar taya, a kan abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, don gefen da ke ƙasa kada ya lotsa.

Tambaya: Wace irin rumfa zan saya in lulluɓe ta? Tampol ko leda?

Amsa: Ba ko ɗaya. Dukansu suna tsare danshi a ƙasansu, kuma da hunturu iska na goga su da ƙura a jikin fenti kamar sanfefa. Sayi rigar mota ta yadi mai shan iska, ka wanke motar ta bushe sarai kafin ka sa. Kada ka kafe ta ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, kashin tsuntsaye yana ƙona fenti.

Abin da ya fi ƙura ɓarna shi ne ɓera, musamman a gidan da ake ajiye buhunan masara. Yana shiga ƙarƙashin bonet ya yi gida a akwatin filtar iska, ya gwigwiye wayoyi, kuma neman waya ɗaya da ta katse a motar zamani aiki ne mai cin kuɗi wurin rewaya. Kwashe duk wani abin ci daga ciki, har ɓawon gyaɗar da ke ƙasan kujera. Toshe bakin salansa da soson ƙarfe, ka rubuta takarda ka ɗora a kan sitiyari don ka tuna ka cire. A ɗana tarko kusa da tayoyi, a riƙa buɗe bonet duk mako ana duba kashin ɓera ko yagaggen tsumma.